Yadda jiki ke jin warin ƙwayar cuta: tambayoyi da amsoshi kan garkuwar gado

Ina koyar da ilimin ƙwayoyin cuta a wata makarantar horar da ma'aikatan lafiya a nan Bauchi. Duk shekara idan muka iso darasin garkuwar jiki, tambayoyin kusan iri ɗaya ne ke dawowa. Wasu daga ɗalibai suke fitowa, wasu daga majalisarmu ta bayan la'asar, wasu kuma daga cikin gida, musamman daren da aka kai jariri rigakafi ya hana kowa barci. Na tattara su na amsa a wuri guda. Kalmomi biyu za su yi ta maimaituwa, gara mu rabe su tun yanzu: ƙwayoyin jiki su ne ƙananan tubalan da aka gina mu da su, ƙwayoyin cuta kuwa su ne baƙin da ke shigowa, wato bakteriya, bairos, dangin funfuna, da irin ƙwayar maleriya.

Malam, ana cewa garkuwar jiki kashi biyu ce. Mene ne bambancinsu?

Akwai wadda aka haife ka da ita a shirye, ita nake kira garkuwar gado. Akwai kuma garkuwar koyo, wadda sai ta haɗu da cuta take sanin ta, ta ƙera mata makami na musamman, ta kuma riƙe ta a ka. Garkuwar koyo ce ke yin antibodi, wato wannan makamin na musamman, ita ce dalilin da ya sa wanda ya taɓa yin ƙyanda ba ya sake yi.

Aibin garkuwar koyo ɗaya ne, jinkiri. Idan baƙuwar cuta ce takan ɗauki kwana biyar zuwa mako guda ko fiye kafin ta kimtsa. Ita kuwa bakteriya, wata idan ta samu wuri mai daɗi, duk minti 20 take rabuwa biyu. Yi lissafin da kanka: guda ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Da jiki zai zauna jiran antibodi, da ihu bayan hari za a yi. Garkuwar gado ce ke tare waɗannan kwanakin. Fata, majina, hawaye da ruwan tsamin ciki duk nata ne, haka fararen ƙwayoyin jini irin su makurofaj, mai haɗiye duk abin da bai yarda da shi ba, da niyutirofil, wanda shi ya fi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum.

To ta yaya jiki zai gane ƙwayar cutar da bai taɓa gani ba?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ruga ya san amsarta. Ɗan kwikwiyon da aka haifa bana bai taɓa ganin kura ba, amma daren da iska ta kaɗo warinta zai tashi da haushi, shanu su miƙe. Ba ya buƙatar sanin wace kura ce, ta dajin Yankari ce ko ta Lame-Burra. Warin kura ɗaya ne, kuma kura ba ta da yadda za ta yi ta ajiye shi a gida.

Haka garkuwar gado take aiki. Ire-iren ƙwayoyin cuta ba su ƙirguwa, mu kuma ƙwayoyin gadon da ke ƙera furotin a jikinmu kusan 20,000 ne kacal, don haka ba zai yiwu a ware wa kowace cuta mai gadinta ba. Sai jiki ya zaɓi 'yan alamomi kaɗan masu sharaɗi uku: babu su a jikin ɗan Adam, ƙwayoyin cuta masu yawa sun yi tarayya a kansu, kuma ƙwayar cutar ba za ta rayu ba idan ta yar da su.

Ga misalai. Wani babban rukunin bakteriya, wanda taifot da kwalara ke ciki, yana lulluɓe da wani sinadarin kitse da sukari da ake kira LPS. Bakteriya masu iyo suna da 'yar wutsiya da aka gina da furotin mai suna filajelin. Bangon bakteriya kusan duka yana da wata saƙa ta sukari da babu irinta a jikinmu. Bangon funfuna yana da nasa sukarin daban. Bairos kuwa idan yana hayayyafa yakan samar da RNA mai igiya biyu (RNA da DNA su ne sinadaran da ke ɗauke da bayanan gadon halitta), abin da lafiyayyar ƙwayar jiki ba ta tarawa. Sharaɗi na uku shi ne ya fi burge ni. Bairos ɗin mura kan sauya rigarsa ta waje kusan duk shekara don ya ɓace wa antibodi, amma ba zai iya daina kwafar kansa ba, kuma a wajen kwafar ake jin warinsa.

Shi wannan risefta da kuke ta ambata, mene ne shi, kuma a ina yake zaune?

Furotin ne wanda siffarsa ta dace da alama guda, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Ni nakan ce wa ɗalibai hancin ƙwayar jiki ne. Idan alamar ta zauna a kansa sai ya motsa, motsin ya aika saƙo cikin ƙwayar jikin cewa baƙo ya iso.

Dangin da suka fi shahara su ne TLR, wato riseftoci masu kama da Toll wanda labarinsa ke tafe, kuma guda 10 ne a jikin mutum. Inda aka girke kowane yana da hikima. Tsohon birnin Bauchi na da ganuwa da ƙofofi, irin su Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai, amma mai mulkin da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga masu tsaron ƙofa kaɗai, yana da ido a masaukin baƙi, yana da kunne a cikin unguwa.

A bakin ƙofa, wato saman ƙwayar jiki, akwai TLR4 mai jin LPS, da TLR5 mai jin wutsiyar bakteriya, da TLR2 wanda ke haɗa kai da TLR1 ko TLR6 su gane furotin mai kitse na bangon bakteriya. A nan ma Dectin-1 yake, mai lura da funfuna.

A masaukin baƙi, wato 'yar jakar da makurofaj ke jefa abin da ya haɗiye don ya narke, akwai TLR3, TLR7, TLR8 da TLR9. Waɗannan RNA da DNA suke sunsuna. Dalilin ɓoye su a ciki shi ne mu ma muna da namu DNA da RNA, da an bar su a waje da sun riƙa yi wa 'yan gida haushi.

A cikin unguwa kuma, wato ruwan cikin ƙwayar jiki, akwai masu jiran wanda ya tsallake ganuwa. NOD1 da NOD2 na jin ɓarɓashin bangon bakteriya. RIG-I da MDA5 na jin RNA na bairos. Sai cGAS, wanda Zhijian Chen ya bayyana a Amurka a 2013, kuma aikinsa ya bambanta da na sauran: bai damu da ko DNA na wane ne ba, abin da ya sani shi ne DNA ba shi da hurumin yawo a wannan wurin. Kamar ka ga mutum a cikin turakar maigida da tsakar dare, ko ɗan gida ne sai ya yi bayani.

Wa ya gano duk wannan?

Labarin na da daɗi, bari in ɗan ja shi.

A ƙarshen 1882 wani masani ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, yana zaune a Messina ta ƙasar Italiya, ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan tauraron teku, wata halittar ruwa, waɗanda jikinsu garau yake ana hango ciki. Washegari ya tarar da wasu ƙwayoyin jiki sun yi wa ƙayar dafifi. Ya samu kyautar Nobel a 1908. Amma bayan haka masana suka koma kan antibodi kusan gaba ɗaya, aka ɗauki garkuwar gado tamkar 'yan share fage marasa basira, masu cin duk abin da suka tarar.

A 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale ya tayar da wata magana da kowa ya sani amma ba a son faɗa. Idan ka yi wa dabba allurar tsantsar furotin, garkuwar koyo ba ta cika kula shi ba, sai ka gauraya shi da matattun bakteriya ko wani abu mai tada hankali. Ya ce lallai akwai riseftocin gado da ke gane alamomin ƙwayoyin cuta, kuma su ne ke ba garkuwar koyo izinin tashi. Hujjar gani da ido ce babu a lokacin.

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Amsar ta fito daga ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro. Masu nazarin yadda ƙwansa ke zama tsutsa a ɗakin binciken Christiane Nüsslein-Volhard a Jamus sun riga sun gano wata ƙwayar gado da ke raba ciki da baya, aka sa mata suna Toll, kalmar Jamusanci ta mamaki da yabo. A 1996, a Strasbourg ta Faransa, Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann suka nuna cewa ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace, funfuna ke cinye shi har ta tsiro a jikinsa. Shekara guda bayan nan Ruslan Medzhitov da Janeway suka nuna ɗan'uwan Toll a jikin mutum yana kunna garkuwa. A 1998 Bruce Beutler a Dallas ya gano cewa wasu ɓerayen gwaji da LPS ba ya yi musu komai, TLR4 ɗinsu ne ya samu naƙasa. Abin lura, waɗannan ɓerayen da ba sa jin LPS su ne bakteriya mai rai ta fi saurin kashewa. Shizuo Akira a Osaka ta Japan ya bi sauran 'yan dangin ɗaya bayan ɗaya yana gano abin da kowane ke ji.

A 2011 aka ba Hoffmann da Beutler kyautar Nobel tare da Ralph Steinman, wanda ya rasu kwana uku kafin sanarwar ba tare da masu ba da kyautar sun sani ba. Janeway kuwa ya rasu tun 2003, kuma ba a ba mamaci.

Bayan risefta ya ji warin, sai me?

Ɗauki misalin ƙaya da ta soke ka a gona. Ta shigo da bakteriya ƙarƙashin fata, inda makurofaj ke zaune dama. TLR ɗinsa ya kama alamar, saƙo ya bi ta wani furotin mai suna MyD88 har cibiyar ƙwayar jikin, aka buɗe ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke rufe. Cikin 'yan sa'o'i sai ya fara fesa sinadaran gangami da ake kira saitokain, irin su TNF, IL-1 da IL-6.

Duk abin da kake gani daga nan aikinsu ne. Jijiyoyin jinin wurin su buɗe, shi ne ja da ɗumi. Ruwa ya tsattsafo daga cikinsu, shi ne kumburi. Jijiyoyin jin zafi su ƙara kaifi, shi ne raɗaɗin da ke hana ka taka ƙafar. Niyutirofil su yi tururuwa su ci bakteriya su mutu a wurin, gawarwakinsu ne mugunyar da ke cikin maruru ko ɗan karkare.

Kaluluwar da ke fito maka a matsematsi kuwa, aikin ƙwayar jikin da Steinman ya gano ne a 1973, mai rassa kamar itace. Ita ke ɗaukar guntun baƙon ta kai shi can, ta nuna wa mayaƙan garkuwar koyo. Amma ba ta samun mai saurare sai in riseftanta ya riga ya ji warin cuta. Maganar Janeway ke nan.

Idan saitokain suka yi yawa har suka shiga jini, sukan sa a samar da wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ke ɗaga ma'aunin zafin jiki. Sai ka ji sanyi kana rawar ɗari alhali jikinka na ƙuna, saboda ƙwaƙwalwa ta ɗaga mizani, jiki na kokawar cim masa. Farasitamol wannan sinadarin yake ragewa, bai taɓa ƙwayar cutar ba. Kasala, rashin son abinci da ciwon gaɓoɓi su ma yawanci daga gangamin suke.

Idan bairos ne, ƙwayar jikin da ya shiga takan saki intaferon, sinadarin da aka gano a Landan a 1957. Shi shela yake yi wa maƙwabta su rufe ƙofa tun bairos bai iso ba.

Shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ke tafiya ya dawo?

Ƙwarai. Ƙwayar maleriya na ɓuya cikin jajayen ƙwayoyin jini tana hayayyafa, kuma irin wadda ta fi yawa a wajenmu takan cika zagayenta cikin kusan awa 48. Idan suka fashe, sai tarkace ya watsu cikin jini: DNA ɗinta, kitsen jikinta, da wani baƙin gari da take bari bayan ta ci jini. TLR2, TLR9 da wasunsu su ji, gangami ya tashi, mutum ya kama karkarwa, ya yi zafi, ya yi gumi, ya ji sauƙi. Sauƙin nan ne ke yaudarar mutane su ajiye magani a kwana na biyu, alhali ƙwayar ta koma ɗaki ne kawai. Sau da yawa ma ba duka suke fashewa lokaci guda ba, shi ya sa zazzaɓin ba ya bin agogo, kuma shi ya sa gwajin jini ya fi hasashe.

An ce hanjinmu cike yake da bakteriya. Me ya sa jiki ba ya yaƙar su?

Suna da LPS, suna da wutsiya, warinsu ɗaya da na masu cuta. Abin da ya raba su shi ne wuri. Majina mai kauri ta shiga tsakaninsu da bangon hanji, kuma wasu riseftocin, kamar TLR5, an fi girke su ta bayan bangon, inda sai wanda ya fasa ya shigo zai taɓa su. Makurofaj na hanji kuma an hore su su ci baƙo ba tare da kururuwa ba. Ɗan warin da ke isowa kullum ma amfani yake yi, yana sa bangon ya riƙa gyara kansa. Wannan na cikin dalilan da ya sa nake faɗa da masu shan antibayotik kamar gyaɗa duk sanda ciki ya murɗa.

In dai tsaron ya kai haka, me ya sa muke kwanciya ciwo?

Saboda ɗaya ɓangaren ma ba barci yake ba. Ƙwayoyin cutar da suka yi suna, yawancinsu sun yi sunan ne don sun iya kauce wa hancin.

Zazzaɓin Lassa shi ya fi kusa da mu, tunda Bauchi na cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa a rahotannin NCDC, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, musamman da rani. An fara gane shi a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma ɓera ke ɗauke da shi. Wannan bairos yana da furotin da ke bi yana narkar da RNA mai igiya biyu da shi kansa ya samar, kamar ɓarawon da ke share sawunsa da tsintsiya. RIG-I bai ji komai ba, intaferon bai fita da wuri ba, bairos ya yi ta yaɗuwa. Kwanakin farko sai ka rantse maleriya ce ko taifot. Duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a lokacin rani, a koma asibiti a faɗa musu, don maganin Lassa ya fi aiki idan an fara da wuri.

Tarin fuka kuwa da ɗan gari yake cin gari. Yana barin makurofaj ya haɗiye shi, sannan ya hana jakar da yake ciki haɗuwa da ruwan narkarwa, ya mai da cikin mai gadi ɗakin kwanansa, wani lokaci shekara da shekaru. Bakteriyar da ke haddasa yawancin gyambon ciki ta sauya ƙirar wutsiyarta yadda TLR5 ba ya jin ta sosai, shi ya sa take zama a cikin mutum tun yana yaro har ya tsufa.

Bakteriyar sanƙarau da ta ciwon huhu kura ce da fatar akuya: suna lulluɓa da wata riga ta sukari mai santsi da ke wahalar kamawa. Saifa ce gwanar tace irin waɗannan daga jini. Yaro mai sikila kuwa saifarsa kan lalace tun yana ƙarami, shi ya sa ake ba su fenisilin na kariya da rigakafi, kuma shi ya sa zazzaɓi a jikin mai sikila ba abin a jira gari ya waye ba ne.

Gangamin kansa zai iya kashe mutum?

Zai iya, kuma yana yi kullum a asibitocinmu. Kumburin da ke ceton yatsa ɗaya, idan ya faru a duk jiki lokaci guda, halaka ne. Bakteriya ta shiga jini, riseftoci ko'ina suka ji, jijiyoyin jini duka suka saki, hawan jini ya faɗi, ruwa ya tsiyaye cikin huhu, jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi, ƙoda ta tsaya. Likitoci na kiran wannan sefsis. Garin neman gira an rasa ido. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya nuna a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka shiga wannan hali, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin biyar na duk mace-macen shekarar. Ɗigon jinin da ke fitowa a fatar mai sanƙarau mai tsanani, wanda dattawanmu da suka ga annobar 1996 ba su manta ba, daga nan yake.

Ɗalibi mai kaifi kan tambaya, to me zai hana a toshe TLR4 kawai? An gwada. An ba majinyata kusan 2,000 wani magani mai toshe shi a babban gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2013, bai rage mutuwa ba. Kafin mara lafiya ya iso gadon asibiti gangamin ya riga ya wuce ƙofa ɗaya. Abin da ke ceto har yau shi ne saurin zuwa, antibayotik da ya dace, da ƙarin ruwa. Mai jego da zazzaɓi da jini mai wari, jaririn da ya ƙi kama nono ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, babban da ya fara sambatu da numfashi sama-sama, waɗannan ba na kemis ba ne. Cibiyar jariri kuma ƙofa ce a buɗe, kulohekzidin ake shafa mata, ba toka ko man goge baki ba.

Akwai kumburin da ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba?

Akwai. Wasu riseftocin ɓarna suke ji, ba baƙo ba. NLRP3 na tashi idan lu'ulu'un gishirin yurik suka taru a gaɓa, shi ne ciwon nan da ke kama babban yatsan ƙafa cikin dare har mutum ba ya son zane ya taɓa shi. Ƙurar dutse ma na tada shi a cikin huhu, kuma duk sanda na wuce masu fasa dutse a bayan gari ba abin rufe hanci sai na tuna da wannan. Antibayotik ba shi da aiki a nan.

Ɗana, jikata ya kwana da zazzaɓi bayan allurar rigakafi, cinyar ta kumbura. Ba cuta suka sa masa ba?

A'a Hajiya, ba cuta ba ce. Allurar da ake yi wa jariri a cinya a mako na 6, na 10 da na 14 tana ɗauke da matattun bakteriyar tarin shiƙa da guntayen wasu cututtukan. Matacce ba ya hayayyafa, amma warinsa na nan. Garkuwar gadon jikanki ta ji warin ta yi gangami, gangamin ne ya tashi garkuwar koyo ta zo ta haddace fuskar cutar. Da allurar ta shiga shiru ba wanda ya kula ta, da an yi aikin banza. Shi ya sa ma da gangan ake ƙara wa rigakafi da yawa abin tada hankali: gishirin alminiyam tun 1926 ake amfani da shi, rigakafin maleriya na R21 da aka fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 kuma nasa daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile ake samo shi.

Wani lokacin kuma rage warin ake nema. Katalin Karikó da Drew Weissman sun nuna a 2005 cewa idan aka ɗan sauya tubalin RNA, riseftoci ba sa yi masa ca. Wannan ne ya buɗe hanyar rigakafin korona na mRNA, aka ba su Nobel a 2023.

Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, a ci gaba da ba shi nono, a rage masa kaya, a ba shi farasitamol gwargwadon yadda ma'aikaciyar ta faɗa. In ya wuce haka, ko ya yi jijjiga, ko ya ƙi nono, a mai da shi asibiti. Amma Hajiya, don Allah kar a fasa komawa allura ta gaba.

Magungunan ƙara ƙarfin garkuwa da ake tallatawa a kasuwar Muda Lawal da tashoshin mota fa?

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya karanto zuwa nan ya ga cewa garkuwar da ta fi ƙarfi ita ce ke kashe mai sefsis. Akwai kuma cutar lufus, wadda mata suka fi yi nesa ba kusa ba, inda TLR7 ke cikin masu yi wa RNA na jikin mutum haushi. Rauni ma na da nasa: a lokacin korona an samu samari masu lafiya da suka kwanta rai a hannun Allah saboda an haife su da TLR7 mai naƙasa, kuma kusan ɗaya cikin goma na masu tsananin ciwon an same su da antibodin da ke kashe intaferon ɗinsu. Ke nan abin da ake buƙata shi ne gangami ya tashi a kan lokaci, daidai girman baƙon, ya kuma lafa idan an gama. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ban ga yadda za ta iya wannan awo ba.

Abubuwan da aka tabbatar suna raunana garkuwa sanannu ne: tamowa, ƙanjamau da ba a shan magani, ciwon sukari da ba a kula da shi, ƙyanda, da shan irin ƙwayoyin nan na sitiroyid da wasu mata ke sha don ƙiba. Kuɗin kwalbar gara a sayi ƙwai da wake da zogale a ba yara.

Dabbobi da shuke-shuke su ma suna da irin wannan?

Suna da shi, kuma sun riga mu. Ƙwari da tsirrai ba su da antibodi ko kaɗan, da garkuwar gado kaɗai suke rayuwa. Wani manomin shinkafa daga fadamar Jama'are ne ya yi mini wannan tambayar, na ce masa amsar na cikin gonarsa. Akwai cutar bakteriya da ke ƙona ganyen shinkafa, kuma an samu wata shinkafar daji ta ƙasar Mali da cutar ba ta cika kamawa ba. A 1995 Pamela Ronald da abokan aikinta a Kalifoniya suka ciro ƙwayar gadon da ke ba ta wannan kariya, mai suna Xa21. Da aka duba ƙirarsa sai ga risefta a saman ƙwayar ganye, ɓangarensa na waje mai kama da na Toll, shekara guda kafin a san aikin Toll a garkuwar ƙuda, shekara uku kafin TLR4 na ɓera. Masu haɗa iri sun shigar da shi cikin shinkafar da ake nomawa a ƙasashen Asiya da dama.